Takardun neman gurbin jami'a: fara daga NIN kafin ka je sayen fom

Ƙannena masu shirin neman jami'a a bana, kafin ku fara tambayar nawa ne kuɗin fom ɗin JAMB, ku ɗauko duk takardun da kuke da su a gida ku baza su a kan tabarma ku karanta sunan da ke kan kowacce harafi bayan harafi. Da yawan waɗanda ake dakatarwa wajen tantancewa ba ƙarancin maki ne ya kayar da su ba, suna ne ko ranar haihuwa suka saɓa.

Kuma mu abin ya fi shafa saboda yadda muke rubuta sunaye. Mutum ɗaya ne amma a satifiket ɗin firamare Muhammadu, a WAEC Mohammed, a NIN kuma Muhammad. Wata Aisha ce a nan, Aishatu a can. Wani a sakandare hedimasta ya liƙa masa sunan garinsu a ƙarshe, da ya je yin NIN sai ya sa sunan kakansa. A gida duk mun san kai ne, amma ma'aikacin da ke zaune da fayil ɗinka ba ruwansa da wannan, abin da ya gani a rubuce shi zai bi.

To ka fara da NIN ɗin. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da shi, kuma sunanka da ranar haihuwarka daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, take kwaso su kai tsaye, mai kafe ba shi da ikon canza ko harafi ɗaya. Idan abin da ke NIN bai dace da na rizalt ɗinka ba, je ka gyara a NIMC tun da wuri, don gyaran ba ya fitowa rana ɗaya, kuma lokacin rajista cunkoso sai wanda ya gani. Shawarata NIN ɗin za ka gyara ya bi rizalt, domin canza suna a WAEC ko NECO bayan sakamako ya fito ya fi wahala nesa ba kusa ba. Inda bambancin ya ƙi gyaruwa sai a je kotu a yi afidabit, wato takardar rantsuwa, idan kuma canjin suna ne gaba ɗaya har da bugawa a jarida. Ka duba shekarun ma, mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 16 ne.

Idan NIN ya daidaita sai ka rubuta kalmar NIN a saƙon tes, ka ba da tazara, ka sa lambobinka guda 11, ka tura zuwa 55019 ko 66019, za a turo maka da lambar furofayil wadda da ita za ka sayi fin ɗin rajista. Don Allah da layinka za ka tura, ba na mai kafe ba ba na abokinka ba, kuma ka riƙe layin nan kamar ƙwai a cokali har ka gama makaranta. Haka ma imel, ka buɗe naka da kanka ka rubuta faswod ɗin a littafi. Ana yawan ganin yaro admishon ya fito amma ya kasa shiga shafinsa saboda imel ɗin da aka yi amfani da shi na wani yaron shago ne da ya daɗe da barin garin.

Rajistar kanta a cibiyar CBT, wato cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, da JAMB ta amince da ita ake yi, za a ɗauki hotonka da zanen yatsunka goma. 'Yan mata ku ji wannan da kyau, ku haƙura da lalle a yatsu daga kafin rajista har bayan jarrabawa, ko da bikin yayarku ne, saboda na'urar tana ƙin karanta yatsan da ya sha ƙunshi kuma JAMB da kanta ta yi gargaɗi a kai. Kafin ka tashi daga kujerar ka karanta abin da aka cike a fuskar kwamfuta da idonka, kos ɗin da ka zaɓa, makarantar, darussa huɗun da za ka rubuta, jiharka da ƙaramar hukumarka.

Sai rizalt na sakandare. WAEC, NECO, NABTEB ko NBAIS, ana neman kiredit 5 har da Turanci, kuma yawancin kwasa-kwasai har da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu, amma kwasa-kwasai irin su likitanci wasu jami'o'in zama ɗaya kawai suke karɓa, don haka ka duba ƙa'idar makarantar da kake so a kundin JAMB kafin ka haɗa WAEC da NECO. Wanda sakamakonsa bai fito ba zai iya rajista a matsayin mai jira. Inda ake yin sakaci shi ne bayan ya fito, mutane su duba su yi murna su ajiye. Dole ka koma cibiyar CBT a ɗora shi a shafinka na JAMB, in ba haka ba ko maki nawa ka ci CAPS, wato tsarin JAMB na ba da gurbin karatu ta intanet, ba zai nuna ka ga jami'ar a matsayin wanda ya cika sharaɗi ba. Ka karɓi silif ɗin da ke nuna an ɗora.

Takardar indijin, wato shaidar asalin ƙaramar hukuma, kuma ba ado ba ce. Jami'o'in tarayya irin su BUK da ABU da UDUS suna raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin makarantar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, to da wannan takardar kake tabbatar da jihar da ka ce kai ɗanta ne. A sakatariyar ƙaramar hukumarku ake karɓa, galibi sai ka zo da takardar mai unguwa ko dagaci ko hakimi da hotunan fasfo. Ƙaramar hukumar da ke kanta ita ce za ta zama wadda ka cike a JAMB. Wanda aka haifa a Kano amma asalin mahaifinsa Katsina ne ya tsayar da magana ɗaya tun farko.

Shaidar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ta fi ƙarfi, wanda ba a yi masa yana yaro ba sai ya yi rantsuwar shekaru a kotu ya kai hukumar ta ba shi takardar tabbatarwa. Testimoniyal na sakandare da satifiket ɗin firamare ka je makarantunku ka karɓo yanzu, kafin a yi hutu ka je ka tarar da ofishin firinsifal a kulle.

Masu shiga aji biyu kai tsaye da ND ko NCE ko IJMB, ku naku akwai ƙarin tiranskirif, wato cikakken bayanin makin da kuka ci, kuma makarantar da kuka gama ce ke aika shi, yana cin lokaci sosai, ku nema da wuri.

Bayan jarrabawa ka fitar da orijinal ɗin rizalt na JAMB mai hoto, shi ake nema wajen Post-UTME, wato tantancewar da jami'a ke yi da kanta bayan JAMB. Idan Allah ya sa an ba ka gurbi ka shiga CAPS ka danna amincewa sannan ka fitar da takardar admishon ta JAMB ban da ta jami'ar. Duk wanda ya ce zai samo maka gurbi ta bayan fage ka rabu da shi, gurbin da bai bi ta CAPS ba sai lokacin tafiya NYSC yake tayar da ƙura. Kuɗin makarantun tarayya kuma ta Remita ake biya, ka ciro lambar biyan kuɗin da ake kira RRR daga shafin makarantar da kanka, ka adana kowane rasit.

Kowace takarda ka yi mata fotokofi da yawa, ka yi skanin ka tura wa kanka a imel, hotunan fasfo kuma ka duba kalar bayan da makarantar ta ce, wasu fari wasu ja. Ranar tantancewa ka tafi da orijinal a fayil daban, a nuna a duba a miƙo maka abinka, fotokofin ne kawai ake bari a ofis.