Yadda Ake Ɗaukar Bidiyo Da Gimbal Ba Tare Da Hoto Ya Yi Rawa Ba

Gimbal na'ura ce ta riƙewa a hannu wadda ake ɗora waya ko kyamara a kanta. Tana da ƙananan injina uku: ɗaya yana kula da juyawa hagu da dama, ɗaya da ɗaga kai da sunkuyarwa, na ukun kuma da karkatawa gefe, kuma duk lokacin da hannu ya motsa sai su mayar da kyamarar inda take nan take. Kamfanoni irin su DJI da Zhiyun sun sa ta yawaita a hannun masu ɗaukar biki da masu shirya gajerun finafinai, amma da yawa sun saya suka ci gaba da samun hoto mai rawa. Galibi matsalar tana wuri biyu ne, wato daidaita nauyi da kuma salon tafiya.

Daidaita nauyi ana yin sa ne na'urar tana kashe. Da farko ka haɗa duk abin da za ka yi aiki da shi, batir da katin ajiya da makirfo, ka cire murfin gilashin gaba, domin ko ƙaramin abu aka ƙara daga baya sai an sake lissafi. Daga nan sai ka saki makullin injin ɗaga kai shi kaɗai, ka riƙa matsar da kyamarar gaba ko baya kaɗan-kaɗan har ta daina rinjaya, sa'an nan ka ɗaga fuskarta ta kalli sama ka tabbatar a nan ma ta tsaya. Bayan haka ka koma kan karkatawa gefe, a ƙarshe kuma ka kwantar da mariƙin kaɗan ka duba ko hannun na'urar zai zame ya juya da kansa. Alamar an gama ita ce, duk inda ka ajiye kyamarar ka sake ta, za ta tsaya a nan. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ji injinan suna gunji, suna zafi a tafin hannu, batir yana saurin ƙarewa, kuma wata siririyar karkarwa za ta shiga hoton wadda ba a ganinta sai an buɗe shi a babban allo. Mai amfani da waya aikinsa ya fi sauƙi: ya cire wa wayar riga mai nauyi, ya sa maƙalin ya kama tsakiyar wayar daidai.

Tafiya ce ta fi buƙatar horo, kuma ga dalili. Steadicam, na'urar hana kyamara rawa da Ba'amurke Garrett Brown ya ƙirƙira a shekarun 1970, tana da hannu mai sifirin da ake ɗaurawa a jiki, shi yake shanye hawa da saukar da taku yake haifarwa. Gimbal mai injina uku ba ta da wannan, saboda haka gwiwoyinka ne za su yi aikin. Ka ɗan lanƙwasa su, ka sa diddige a ƙasa tukuna sa'an nan tafin ƙafa ya biyo a hankali, ka rage tsawon taku, ka riƙe da hannu biyu kusa da ƙirji, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono ba ya son ko ɗigo ya zube. Idan za ka juya, ka juya da ƙugu da jiki gaba ɗaya maimakon murɗa wuyan hannu. Gwaji mai kyau shi ne ka bi layin bulo a jikin bango kana ɗauka, ka duba ko layin yana hawa yana sauka.

Saitin kyamara ma yana da tasiri. A Nijeriya da Nijar wutar lantarki tana kan 50Hz, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, don haka hoto 25 a daƙiƙa tare da saurin buɗe idon kyamara na 1/50 na daƙiƙa ya fi dacewa, yana kuma rage walƙiyar fitilu a ɗakin taro. Idan kana son rage saurin motsi wajen tacewa, ka ɗauki hoto 50 a daƙiƙa da saurin buɗe ido na 1/100. Rana mai ƙarfi za ta sa hoton ya yi fari fat a wannan saiti, shi ya sa ake sa gilashin rage haske da ake kira ND. Gilashi mai faɗin gani yana ɓoye ƙananan kurakurai, mai jawo nesa kuwa yana fito da su.

Cikin tsare-tsaren na'urar, wanda aka rubuta PF ya ishi mai koyo, domin yana bin juyawarka hagu da dama kawai, ya bar kan kyamarar a miƙe. A ganina bai kamata kowane hoto ya zama mai yawo ba. Shigowar amarya ta cancanci a bi ta, amma mai jawabi a zaune ya fi kyau a ɗauke shi da kyamara a tsaye cak. Ka tsaya daƙiƙa uku kafin ka fara motsi, da uku bayan ka gama, don mai tacewa ya sami wurin yanka. Lokacin hunturu kuma ka riƙa share ƙura daga gaɓoɓin injinan da burushi mai laushi, ka kulle su ukun kafin ka mayar da na'urar jaka.