Yadda ake shigar da wasalin rubutun Limbu a kwamfuta ba tare da ya watse ba

Mutanen Limbu suna zaune a gabashin Nepal da jihar Sikkim ta Indiya. Rubutunsu, wanda ake kira Sirijanga, ya shiga Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, a shekarar 2003, aka ware masa gurbi daga U+1900 zuwa U+194F. Alamomin wasalinsa tara ne, daga U+1920 zuwa U+1928. Ba sai na tsaya bayanin Unicode ba. Duk wanda ya taɓa ganin ƙ da ɗ sun koma akwatuna a waya ya san zancen.

Fara sauke Noto Sans Limbu, font ɗin da ke nuna haruffan, ka saka a kwamfutarka. Kyauta ne, ko sisi ba za ka biya ba. Akwai kuma Namdhinggo na ƙungiyar SIL, amma ni Noto nake cewa a ɗauka, a huta.

Sai ka kama ƙa'ida guda: baƙi ne gaba, wasali na biye. Kamar Ajami ne, fataha ba ta zama a iska sai ta samu harafin da za ta hau. A Word, buga 1901 ka danna Alt da X tare, ᤁ zai fito. Nan take, ba tazara, buga 1920 ka sake dannawa, ka samu ᤁᤠ, wato "ka". Baƙin shi kaɗai yana ɗauke da nasa wasalin, wani "o" mai buɗe baki, alamar da ka ɗora ce ke kawar da shi. In kalma da wasali ta fara, sai ka sa ᤀ, U+1900, ya goya shi, irin aikin alif. In ka manta da shi, wata da'ira mai ɗigo-ɗigo za ta leƙo maka a gurbin.

Kula da Alt da X ɗin nan. In harafin da ya zo kafin lambar a ne ko b har zuwa f, Word zai haɗa shi cikin lissafi ya fito maka da wani abu daban. Haskaka lambobin huɗu kawai kafin ka danna.

Yanzu ga ramin da na faɗa, kuma na ga masu koyo da dama sun bi ni ciki. Alamar U+1925, wadda Unicode ya sa wa suna OO, a ido kamar an haɗa U+1923 da U+1920 ne. Haka U+1926 take kama da U+1924 da aka ɗora wa U+1920. Sai mutum ya ce ai duk ɗaya ne, ya buga biyu a madadin ɗaya. A fuskar kwamfuta lafiya lau. Na taɓa shigar da jerin kalmomi a haka, da na zo neman wata kalma da nake kallo da idona, kwamfuta ta ce sam babu ita. Dalili kuwa, Unicode bai ɗauki alamomi biyun nan daidai da guda ɗayar ba, don haka ko ka bi da rubutun ta NFC, tsarin Unicode mai haɗe alamomin da ya ɗauka ɗaya ne, ba zai ɗinke su ba. Sai da na bi layi-layi ina gyarawa, yamma guda ta tafi. Buga 1925 kai tsaye. In kana shakkar abin da wani ya turo maka, sa cursor, ɗan sandan nan mai ƙyaftawa, bayan wasalin ka danna Alt da X, lambar za ta tona asiri.

Sauran ba wuya. Baƙin da ake ratayawa a ƙasan wani baƙi, U+1929 zuwa U+192B, yana zuwa kafin wasali. Kemphreng, U+193A, mai ja wa wasali tsawo, bayansa yake. A shafin intanet, don alamar OO, rubuta ᤥ ko ᤥ. Ajiye fayil da UTF-8 kawai, inda alamar ke cin bayit uku, E1 A4 A5, sannan ka tura wa wani ya buɗe a wayarsa ka ji me ya gani.