Kurakuran da ke hana mu gano tsofaffin wasannin bidiyo da aka manta da su

Kusan duk wanda ya shiga harkar tsofaffin wasannin bidiyo abu ɗaya ne ya kawo shi: yana so ya sake buga abin da ya buga yana yaro. Mario, Sonic, Contra, Street Fighter II. Wata biyu ko uku sai ya gama da su, ya fara tambayar kansa me ya rage. Abin da ya rage ya fi abin da ya sani yawa nesa ba kusa ba, domin na'urar Famicom kaɗai, wadda Nintendo ya fitar a Japan a 1983, an yi mata wasanni sama da dubu. Kuma samun su ba ya ƙara sauƙi. Wani bincike da cibiyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin. Wanda bai iya nema ba, zai yi ta zagaye wasanni ashirin ɗin da kowa ya sani.

Kuskuren farko shi ne dogaro da jerin sunayen da ake yaɗawa a intanet, irin masu cewa ga wasanni goma da ba wanda ya san su. Ka duba irin wannan jeri guda biyar, za ka ga sunayen ba sa canjawa, wannan ya kwafa daga wancan. Wasan da ya shiga jeri ɗari ai ya daina zama ɓoyayye. Hanyar da ta fi yi mini amfani ita ce bin sawun waɗanda suka yi wasan. In wasa ya burge ka, kar ka kashe na'ura da zarar ka gama, tsaya ka karanta sunayen da ke wucewa a ƙarshe. Wanda ya ji daɗin Gunstar Heroes na 1993 zai ga sunan kamfanin Treasure, wanda wasu tsofaffin ma'aikatan Konami suka kafa a 1992, daga nan sai ya faɗa kan Dynamite Headdy na 1994 da Alien Soldier na 1995. Wanda ya so ActRaiser zai ga sunan Quintet, kuma zaren zai ja shi zuwa Soul Blazer, da Illusion of Gaia, har ya kai Terranigma, wanda a wurina yana cikin mafi kyawun abin da aka taɓa yi wa Super Nintendo, amma ba a taɓa sayar da shi a Amurka ba.

Akwai kuma wata dabara da ke tafiya tare da wannan. Ka duba shekarun ƙarshe na kowace na'ura. A lokacin ne masu yin wasa suka gama sanin cikinta da bayanta, a lokacin ne kuma masu saye suka koma kan sabuwa. Little Samson da Gimmick!, wasannin Famicom, duk a 1992 suka fito, bayan Super Nintendo ta riga ta kwashe hankalin jama'a. Ristar ya zo wa Mega Drive ta Sega a 1995, ana ta maganar sababbin na'urori, PlayStation ta Sony da Saturn ta Sega. Panzer Dragoon Saga ya fito a 1998, Saturn na gab da mutuwa a kasuwar Amurka da Turai. Babu abin da ya same su sai zuwa a makare.

Kuskure na biyu shi ne taƙaita nema ga abin da ya fito da Turanci a na'urorin Nintendo da Sega. PC Engine, na'urar kamfanin NEC ta 1987, ta yi farin jini sosai a Japan, ko da yake ba ta taka rawar kirki a Amurka ba. Metal Gear na asali a kwamfutar MSX2 ya fara fitowa a 1987. Sweet Home, da Capcom ya yi wa Famicom a 1989, shi ne tushen da Resident Evil ya tsiro daga gare shi shekara bakwai bayan haka. Harshe ba shinge ba ne kamar da. Wasannin harbi da na tsalle-tsalle ba sa buƙatar karatu mai yawa, masu dogon labari kuwa masoya sun fassara da dama daga cikinsu don sha'awa, wasu ma kamfanonin sun dawo sun fitar da su da kansu: Seiken Densetsu 3 na 1995 ya samu fassarar hukuma a 2019 da sunan Trials of Mana, Live A Live na 1994 kuma an sabunta shi a 2022. Kafin ka shiga wahalar neman tsohon kaset, duba ko an sake fitar da wasan a sabuwar na'ura.

Sai batun tsada, wanda ba zan daɗe a kansa ba. Tsadar kaset tana nuna ƙarancinsa ne, ba kyansa ba. Stadium Events na Bandai yana cikin kaset mafi tsada na NES (sigar Famicom ta Amurka da Turai), saboda an janye shi daga kasuwa jim kaɗan bayan fitowarsa a 1987. Nintendo ya sake fitar da wasan da sunan World Class Track Meet, kuma wannan ɗin yana nan birjik. Wasa ɗaya ne. Sannan inda tsada take, nan 'yan jabu suke. In za ka sayi kaset mai daraja, ka nemi a buɗe maka ka ga allon cikinsa. Kaset ɗin Super Nintendo da na Game Boy ana kwance su da wani ɗan sukundireba na musamman mai suna Gamebit mai milimita 3.8, kuma allon asali yana ɗauke da sunan Nintendo a jikinsa. Mai sayarwar da ya ƙi a buɗe, ka bar masa kayansa.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici, domin shi ya fi binne wasanni masu kyau, shi ne yanke hukunci cikin minti goma. Mutum ya tara wasanni ɗari biyar a manhajar kwaikwayon tsohuwar na'ura, ya buɗe wannan, ya mutu sau biyu, ya rufe, ya buɗe na gaba. Da daddare ya ce ya gwada talatin babu na kirki. Wasannin yanzu suna riƙe hannunka su koya maka komai a cikin wasan. Na da ba su da wurin yin haka, domin ma'ajiyar kaset ƙarama ce ƙwarai, sai aka zuba bayanin a ɗan littafin da ke zuwa cikin kwali. Littafin nan ɓangare ne na wasan. StarTropics na 1990 ya zo da wasiƙa ta takarda a cikin kwali, kuma a tsakiyar wasan ana umartarka ka tsoma ta a ruwa. In ka tsoma sai lamba 747 ta bayyana, wadda ba za ka ci gaba ba sai da ita. A Metal Gear Solid na 1998, lambar kiran Meryl, wata mata a cikin labarin wasan, wato 140.15, tana jikin hoton da ke bayan gidan faifan. Wanda ya samu wasan tsirara ba kwali ba littafi, zai ɗauka lalacewa ya yi.

Herzog Zwei ne ya koya mini wannan. Kamfanin Technosoft ya fitar da shi a Mega Drive a 1989. Sau biyu ina ajiye shi, domin na ɗauka wasan harbi ne: ga jirgi yana shawagi, ina harbi, mai yana ƙarewa, abokan gaba suna cinye sansanonina ban san dalili ba. Ranar da na zauna na karanta littafinsa sai na gane jirgin nan kwamanda ne. Kai za ka sayi sojoji da tankoki, ka zaɓa wa kowanne umarni, wannan ya tsare wuri, wancan ya je ya kame sansani, sannan ka ɗauke su a cikin jirgin ka sauke inda kake so, ka koma sansani ka sha mai. Wasan dabarun yaƙi ne tun kafin irinsa su yi suna a kwamfuta. A daren na buga shi har hannuna ya yi zafi. Tun daga ranar na ɗaukar wa kaina ƙa'ida: wasa uku kawai nake ajiyewa a gabana lokaci guda, kowanne in nemi hoton littafinsa in karanta tukuna, kuma ba na cewa komai a kansa sai na ba shi zama uku a ranaku daban-daban. Akwai waɗanda bayan zama ukun ma ba su da kyau, wannan gaskiya ne, tsufa kaɗai ba ya mayar da wasa gwani. Amma a lokacin na san da hujja na ajiye su.

Kusa da wannan, a manhajar kwaikwayo, akwai yawan amfani da maɓallin adanawa a ko'ina da na mayar da wasa baya. Ban ce haramun ba ne, ni ma ina amfani da shi in wani shugaban abokan gaba ya gagare ni, don in koyi motsinsa. Sai dai wanda yake adanawa bayan kowane tsalle zai gama wasan da aka tsara don wata guda cikin awa ɗaya, ya fito bai ji komai ba. Daɗin waɗannan wasanni yana cikin maimaitawa har yatsu su haddace hanya. Ka adana a farkon mataki, ka bar sauran ga hannunka.

Wani lokacin kuma laifin ba naka ba ne, ba na wasan ba, na allon ne. An zana waɗannan wasanni don tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda ke gauraya launuka maƙwabta. Ka dubi ruwan da ke kwarara a matakin farko na Sonic: a allon zamani layuka ne a tsaye, ɗaya da launi ɗaya babu, amma a tsohuwar talabijin da wayar bidiyo mai kai ruwan ɗorawa sai layukan su narke su zama ruwa garai-garai da ake hango bayansa. Talabijin ta zamani kuma takan jinkirta hoto kaɗan kafin ta nuna, sai ka danna tsalle a makare ka ɗauka wasan ne mai taurin kai. Ka kunna yanayin wasa a saitin talabijin ɗin, ka bar hoton a faɗinsa na asali na 4:3, kar ka ja shi ya cika allo har mutane su zama gajeru masu ƙiba. Bindigar Duck Hunt kuwa ba ta aiki da allon zamani ko kaɗan, kar ka ɗauka ta mutu.

Ka kuma lura da wane bugu kake bugawa. Talabijin ɗin Turai tana sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka da Japan sau 60, kuma wasanni da yawa ba a gyara su ba da aka kai su Turai, sai suka rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida, har kiɗan ya ja ƙafa. Wahala ma tana bambanta. Contra: Hard Corps na 1994 a bugun Japan sai an harbe ka sau uku kake mutuwa, kuma ba iyaka ga ci gaba bayan mutuwa. A bugun Amurka harbi ɗaya ne. Mutane da yawa sun gudu daga wasan nan ba su san akwai bugun da ya fi tausayi ba.

Wanda ya fi son na'urar asali, akwai abubuwa uku da nake roƙonsa. Kar ya hura kaset da baki, duk da cewa haka muka taso muna yi, domin danshin numfashi yana sa ƙarafan cikin su yi tsatsa. Ɗan tsinken auduga da sinadarin isopropyl sun wadatar, a goge a bari ya bushe. Kar kuma ya soka duk adaftar da bakinta ya shiga. Adaftar NES wutar AC take fitarwa, Famicom da Mega Drive kuwa DC suke so, kuma bakin yana shiga daram. Garin neman gira sai a rasa ido, na'urar da ta rayu shekara talatin ta ƙone cikin daƙiƙa. A karanta rubutun da ke ƙarƙashin na'ura da na jikin adafta, a tabbata sun dace.

Na ukun shi ne batir. Kaset masu adana ci gaba, tun daga The Legend of Zelda a NES, suna da ɗan batir mai kama da kwabo a ciki, yawanci CR2032 a na NES da Super Nintendo, kuma shi ke riƙe da abin da ka adana. Yawancinsu sun haura shekara talatin. Na Pokémon Gold da Silver sun fi saurin mutuwa saboda agogon da ke cikin wasan yana jan wuta dare da rana. In ka samu kaset mai dogon labari, kafin ka zuba masa awa arba'in, ka adana sau ɗaya, ka kashe na'ura, ka cire kaset ɗin ka bar shi ya kwana. In da safe abin da ka adana ya ɓace, a canja batir kafin ka fara. In kuma akwai tsohon ci gaba a ciki da kake son riƙewa, ka kwafe shi da na'urar karanta kaset tukuna, domin da zarar an cire tsohon batirin komai zai goge.