Firjin gida ko firjin gas: wanne za ka sa a motar-gida?

Kafin ka dubi girman firji ko kyawun ƙofarsa, fara da ƙirga kwanakin da motar take yi a wurin da babu wutar lantarki. Motar-gida, wato motar nan mai ɗakin kwana da kicin da ake yawon duniya da ita, ko dai tana kwana a zangon da ake jona ta da wuta, ko kuma tana kwana a daji inda batir da silindar gas ne kaɗai gatanta. Wanda kullum yake zango mai wuta, firjin gida zai fi masa. Wanda yake yin sati guda ko biyu a daji kuwa, sai ya zauna ya yi lissafi, domin firjin gida ba ya hutu kuma batir ba rijiya ba ne.

Firjin gas ba shi da inji ko kwamfireso, wato injin nan mai gurnani da ke sanyaya firjin gida. A bayansa akwai bututun ƙarfe a rufe ruf, cike da amoniya da ruwa da iskar haidurojin, da ɗan sinadarin da ke hana tsatsa. Ƙaramin harshen wuta na gas ɗin furofen yana dafa wannan haɗi, amoniya ta tashi tururi ta hau sama, ta huce ta koma ruwa, ta gangaro cikin firjin ta sake zama tururi, a nan ne take zuƙe zafin abinci. Ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙirƙiro tsarin a 1922, kuma shi ne dai tsarin firjin kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a wuraren da babu wuta. Dometic da Norcold su ne sunayen da aka fi gani a jikin irinsa. Tun da babu famfon da ke tura ruwan, nauyinsa ne kawai ke gangaro da shi, kuma daga nan duk wata matsalar firjin take fitowa.

Dole motar ta tsaya daidai. Abin da masu ƙera shi suka saba bayarwa shi ne kada karkata ta wuce digiri 3 daga gefe zuwa gefe, ko digiri 6 daga gaba zuwa baya, idan kana fuskantar ƙofar firjin. Yayin tafiya babu damuwa, jijjigar hanya tana motsa ruwan. Haɗarin yana wurin ajiye mota a gangare a bar firjin a kunne. Ruwan sai ya taru a inda bai kamata ba, tukunyar da ke dafa shi ta bushe ta yi zafi fiye da kima, sinadarin hana tsatsa ya daskare ya fara toshe siririn bututun da ke ɗaga ruwan. Wannan toshewa ba ta warkewa, taruwa take yi kaɗan-kaɗan, yau awa ɗaya gobe awa biyu, har wata rana ka buɗe ka tarar da madara ta yi tsami. Saka ƙaramin ma'aunin magina, mai kumfa a tsakiya, a ƙasan firizar duk lokacin da ka yada zango. Idan za ka tsaya a gangare fiye da 'yan mintoci, kashe shi.

Ta wajen cin gas, rowarsa abin yabo ce. Matsakaicin firji yana ƙona kamar BTU 1,500 a awa (BTU ma'aunin zafin da gas ke bayarwa ne), silinda mai kilo 9 kuma tana ɗauke da kusan BTU 430,000. Ko da wutar ba ta mutuwa dare da rana, kwana 12 ke nan, kuma da yake tana kamawa tana mutuwa ne, takan kai sati biyu zuwa uku. Amma kada ka ɗauka ba ya buƙatar batir sam. Na zamani suna da allon lantarki da ke kunna wutar da buɗe gas, yana jan 'yar wuta daga batirin volt 12, kuma batir na mutuwa firji ya tsaya ko da silinda a cike take. Akasarinsu suna aiki da wutar zango ma, ta hanyar hita mai wat 300 ko sama da haka. Wannan hita ce ta sa bai kamata ka taɓa jona firjin gas da inbata ba, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida: zai cinye ninki uku ko fiye na abin da firji mai kwamfireso zai ci.

Rauninsa na gaskiya zafi ne. Da zarar zafin gari ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyos, musamman in rana na dukan gefen da firjin yake, sanyinsa sai ya fara ja da baya. Yana buƙatar iska ta shiga ta tagar ƙasa da ke jikin motar a bayan firjin, ta bi bayan bututun, ta fita ta rufi. Inda aka sa shi a ɓangaren ɗakin da ake turowa waje, tagogin biyu duk a gefe suke, iska ba ta tashi da kyau, sai an ƙara masa ƙananan fankoki. Ba ya gaggawa kuma: kunna shi tun jiya in za ka yi lodi yau, ka zuba abin da ya riga ya yi sanyi, ka bar sarari tsakanin kaya. A kan tsaunuka, sama da mita 1,700, harshen wutar yakan yi rauni saboda ƙarancin iska.

Sau ɗaya a shekara, buɗe tagar ƙasa ka duba. Wuta mai kyau shuɗiya ce, a tsaye. In ka gan ta rawaya tana rawa, to zanzaro ko gizo-gizo ya yi gida a bututun murhun, ko tsatsa ta zubo daga bututun hayaƙi ta rufe shi. Wanke ƙaramar kafar da gas ke fitowa da barasar goge rauni, ka hure ta. Kada ka tsokane ta da allura ko waya, domin kana faɗaɗa ta ka lalata ta. Idan kuma ka ji warin amoniya ko ka ga gari rawaya a kusa da tukunyar, bututun ya huje. Kashe shi nan take, ka rufe gas, kada ka sake kunnawa, domin ta nan gobarar irin wannan firji take tashi. A gidan mai, a jirgin ruwa, da cikin wasu hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, doka ko hankali sun ce a kashe gas.

Firjin gida labarinsa gajere ne ta wajen sanyi. Kwamfireso yana sanyaya shi cikin 'yan awoyi, yana riƙe digiri 4 a firji da 18 ƙasa da sifili a firiza ko ana tsananin zafi, bai damu da ɗan gangare ba, kuma a rami ɗaya zai ba ka sarari fiye da na gas, tun da babu tulin bututu a bayansa. Ya fi araha wajen saye. Kuɗin da ka rage a nan, batir da inbata za su karɓe shi.

Ga yadda ake lissafin. Duba takardar da ke manne a jikinsa, wadda ke nuna wutar da yake ci a shekara. A ce ta nuna kilowat-awa 400. Raba da 365, ka sami kusan wat-awa 1,100 a rana. Inbata tana asarar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari wajen juya wutar batir, ya zama 1,250. Ita kanta inbatar tana cin wuta ko firjin na hutawa. In wat 15 take ci, wat-awa 360 ke nan a yini, kuma a nan yawancin mutane ke yin tuntuɓe. Jimilla kusan 1,600. Raba da 12, ka ga firjin kaɗai yana son amfiya-awa 135 kowace rana, ba a sa fitila ko famfon ruwa ba. Batirin dalma mai amfiya-awa 100 rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe, don haka uku ne za su raka ka kwana ɗaya tak. Na litiyam biyu za su kai ka kwana ɗaya da rabi. Farantin sola mai wat 100 yana ba da wat-awa 300 zuwa 500 a rana mai haske, wato sai ka shimfiɗa wat 400 kafin ka mayar da abin da firjin ya sha, kuma hadari na kwana biyu zai tilasta maka tayar da janareto.

Inbatar ta zama mai fitar da wuta santala irin ta gidan wuta, domin masu araha da ke fitar da wuta mai tsalle-tsalle suna sa kwamfireso zafi da gurnani, suna kuma ƙona allon lantarki. Ta kai wat 1,000 aƙalla, saboda a daidai lokacin tashi kwamfireso yana fizgar ninki da yawa na abin da yake ci yana tafiya. Wayar da ke tsakaninta da batir ta kasance mai kauri kuma gajera, da fis kusa da batir. Siririyar waya takan sa inbata ta yi ƙara ta mutu duk sanda firjin ya yunƙura, mai mota ya yi ta zargin batir alhali lafiyarsa lau.

Auna ƙofar motar kafin ka biya kuɗi. Ƙofofin nan ƙanana ne, sau da yawa sai an cire ƙyauren firjin, a manyan motoci ma har gilashin gaba ake ɓallewa a shigar da shi. Bayan ya shiga, ɗaure shi da ƙarfe a ƙasa da bango, ka sa masa sakata, domin maganaɗisun ƙofarsa ba a yi shi don kwana da burki ba. Kwanar hanya ɗaya mai tsanani ta isa ta watsa ƙwai a tsakar ɗaki. Toshe tsohon bututun gas da murfin ƙarfe mai zare, ka shafa ruwan sabulu ka ga ko zai yi kumfa. Rufe tagar waje don ƙura da ruwan sama, amma ka bar masa hanyar shan iska ta cikin ɗaki gwargwadon yadda littafinsa ya ce. Karanta takardar garanti ma, wasu kamfanonin ba sa ɗaukar alhakin firjin da aka sa a abin hawa.

Akwai na uku da ya kamata mai lissafi ya duba, wato firji mai kwamfireso da ke aiki kai-tsaye da volt 12. Ba ya son inbata, don haka asarar nan ta juya wuta da cin zaman banza duk sun fita daga lissafi, kuma ana ƙera shi da girman da zai shige ramin tsohon firjin gas, da sakatarsa a jiki. Ga wanda yake da sola da batirin litiyam amma ba ya son ɗawainiyar gas, shi ya fi dacewa. Sai dai a sake masa waya. Wadda ke bayan tsohon firjin an ja ta ne don ƙaramin allon lantarki, ba za ta ɗauki kwamfireso ba, kuma firjin zai riƙa kashe kansa da tsakar dare yana nuna batir ya yi ƙasa. Ja sabuwa mai kauri kai-tsaye daga akwatin fis, sannan ka auna volt a bayan firjin a lokacin da kwamfireso ke aiki.