Yadda baƙo zai fahimci wariyar launin fata a Amurka kafin ya saki baki

Na daɗe ina tarbar sababbin zuwa a Bronx, wani yanki na birnin New York, 'yan Kano da 'yan Damagaram da 'yan zangon Kumasi, kuma kusan dukansu rami ɗaya suke faɗawa. Mutum bai cika wata uku ba, ko hanyar jirgin ƙasa mai lamba 4 bai gama ganewa ba, sai ka ji shi a majalisa bayan Isha'i yana yanke hukunci: "Ai waɗannan akata ɗin ba sa son aiki, ga ƙasa ta ba su komai." Akata shi ne sunan raini da muke kiran baƙaƙen Amurka da shi. Ni ma na faɗi haka da bakina, shi ya sa nake da ƙarfin halin rubuta wannan. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma makantar tamu a wannan fanni tana da tsada.

Abu na farko, kuma ba na ciniki a kansa: ka cire kalmar akata daga bakinka. Kada ka ce mini wasa ne ko suna ne kawai. Su da ake kira da ita sun san ta, sun kuma san da wace murya muke faɗinta. Muddin tana kan harshenka, duk abin da za ka karanta daga baya ba zai shiga ba, domin ka riga ka ware su gefe ɗaya ka ware kanka.

Na biyu shi ne karatu, amma ba daga inda kowa ke farawa ba. Ba zan ɓata maka lokaci da labarin jiragen bayi ba, ka san shi tun makaranta: an sauke rukunin farko a Virginia a 1619, an haramta bauta a 1865. Kuskuren da muke yi shi ne mu tsaya a nan, mu lissafa shekara ɗari da sittin, mu ce to me ya hana su tashi tun tuni? Amsar tana cikin shekarun da suka biyo baya, kuma mafi yawanta tana cikin maganar gida da fili.

Ga abin da za ka yi da wayarka yau da dare. Jami'ar Richmond ta sanya tsofaffin taswirorin gwamnati a intanet, a shafin da ake kira Mapping Inequality, kuma kyauta ne. A shekarun 1930 wata hukumar tarayya ta lamunin gidaje ta zana biranen Amurka unguwa unguwa da launi huɗu: kore ga unguwar da aka ce ta fi aminci, sai shuɗi, sai rawaya, sai ja ga wadda aka ce akwai haɗari a ba ta bashi. Nemi garin da kake, ka danna wata unguwa mai ja, ka karanta bayanin da jami'in ya rubuta. A wurare da yawa za ka ga kasancewar baƙaƙen fata a unguwar yana cikin dalilan da ya kawo, ƙiri-ƙiri, babu kunya. Unguwar da aka shafa wa ja, banki ya guje ta. A sababbin unguwannin bayan gari kuwa, inda gwamnati ta tsaya wa masu saye, akan rubuta a takardar gidan cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba. Sai a 1968 aka yi dokar da ta haramta wariya a sayar da gida ko ba da haya.

Bahaushe bai kamata ya sha wahalar gane wannan ba, domin mun san gidan gado. Ka ɗauki mutum biyu a Kano: kakan ɗaya an bar shi ya sayi fili a Nassarawa tun ana sayarwa da araha, kakan ɗayan an hana shi da ƙarfin hukuma, ya mutu a gidan haya. Yau jikokinsu ba za su zama ɗaya ba, ko da na biyun ya fi ƙwazo. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna matsakaicin arzikin iyalin farar fata ya kai kimanin dala 285,000, na baƙar fata kuwa bai cika 45,000 ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Idan ka gama da gidaje, sauran za su yi maka sauƙi: hukuncin kotun ƙoli na 1896 da ya halatta raba baƙaƙe da farare a wuraren jama'a, da na 1954 da ya rushe shi a makarantu, ƙona unguwar Greenwood ta attajiran baƙaƙe a Tulsa a 1921, kisan Emmett Till ɗan shekara 14 a Mississippi a 1955. Ƙungiyar Equal Justice Initiative ta lauya Bryan Stevenson ta tattara bayanan mutum sama da 4,400 da gungun jama'a suka kashe ba tare da shari'a ba tsakanin 1877 da 1950. Kada ka sayi littafi ko ɗaya da kuɗinka tukuna. Katin laburaren New York kyauta ne, kuma cibiyar Schomburg da ke Harlem, kan titi na 135, ba a biyan ko sisi a shiga. Gidan tarihin baƙaƙen Amurka da aka buɗe a Washington a 2016 shi ma kyauta ne, sai dai ka karɓi tikitin lokaci ta intanet kafin ka tafi, kuma ka ware masa yini guda. Ni na fi son mutum ya je shi kaɗai. Da an tafi a ƙungiya sai a koma ɗaukar hoto.

Akwai kwanan wata biyu da nake so ka haddace kamar lambar wayarka. Na ɗaya 1965. A wannan shekarar aka yi dokar kare haƙƙin zaɓe bayan an fasa wa masu tattakin neman wa baƙaƙe 'yancin zaɓe kai a gadar garin Selma, kuma a cikinta aka soke tsohon tsarin shige da fice da ya fifita Turawan Yamma. Guguwar gwagwarmayarsu ce ta taimaka wajen buɗe ƙofar da ni da kai muka shigo ta cikinta. Na biyu 4 ga Fabrairu 1999. A daren nan 'yan sanda huɗu suka harba harsashi 41 kan Amadou Diallo, ɗan Gini mai talla a bakin titi, a ƙofar gidan da yake haya a nan Bronx, 19 suka same shi. Walat ɗinsa ya zaro. An wanke dukansu a kotu a shekara ta 2000. Ba wanda ya tambaye shi ko shi ɗan Afirka ne mai ladabi da sallah. Waɗanda suka cika titi saboda shi, har aka yi ta kama su, da yawansu mutanen nan ne da muke yi wa suna.

Yanzu ga matakin da ya kayar da ni, wato zama da su.

Akwai wata dattijuwa a benen da na fara haya, iyayenta sun taso da ita daga South Carolina tana ƙarama. Nakan ɗaukar mata kayan cefane zuwa hawa na huɗu idan lif ya lalace, kuma lalacewarsa ta fi gyaruwarsa yawa. Wata rana ta zaunar da ni ta ba ni shayi, ta ce in ba ta labarin garinmu. Na saki jiki na shiga kirari: ga sunan kakana, ga na kakan kakana, ga unguwar da muka yi shekaru aru-aru a cikinta. Sai na ce, "Mama, ku fa daga wace ƙasa kuke asali? Ko ba ku sani ba?" Har da 'yar dariya na haɗa.

Ba ta ce komai ba. Ta tashi a hankali, ta buɗe durowa, ta ɗauko wata takarda da aka yi wa kwafi har ta dushe, a cikin leda. Jerin layuka ne da rubutun hannu. A sama akwai sunan wani Bature. A ƙarƙashinsa babu suna ko ɗaya, sai shekaru, da namiji ko mace, da launi. Ta ɗora yatsa kan wani layi: shekara 9, mace, baƙa. Ta ce, "Ɗana, muna zaton wannan ce kakar mahaifiyata. Zato muke." Daga baya na gane ƙidayar 1850 da ta 1860 haka suka rubuta bayi, kamar yadda muke lissafa awaki, kuma sai a ƙidayar 1870 aka fara rubuta yawancinsu da sunayensu. Shayin nan ban san yadda na shanye shi ba. Ta ci gaba da amsa gaisuwata, amma sai da aka fi shekara kafin ta sake kirana ciki.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi nake faɗa wa kowane baƙo a matsayin doka. Kada ka tambayi mutum asalinsa sai in shi ya kawo maganar. Kada ka yi alfahari da salsala a gaban wanda aka yanke wa tasa da gangan. Kada ka ce "ku manta da abin da ya wuce", domin akwai waɗanda aka hana shiga makaranta ɗaya da farare kuma har yau suna raye, kana haɗuwa da su a tashar bas. Idan wani ya fara ba ka labarin abin da ɗan sanda ya yi masa, kada ka tare shi da "ai mu ma a Najeriya". Gaskiya ne mu ma, amma ba ranar ba ce. Ita kuma kalmar nan da kake ji a waƙoƙinsu suna kiran juna da ita, ba taka ba ce, ko da fatarka ta fi tasu duhu. Na ga yaro ɗan wata biyu da zuwa ya gwada ta a wurin aiki, da ƙyar aka raba.

Kuma kada ka mayar da maƙwabcinka malamin makaranta. Shi ya sa na sa karatu a gaba: ka je da abin da ka sani, ka fi saurare. Wurin zama kuwa ba wuya. Wata Juma'ar ka bar masallacin 'yan garinku ka je na baƙaƙen Amurka, irin Masjid Malcolm Shabazz da ke titi na 116 a Harlem. Za ka tarar da dattawan da suka bi Imam Warith Deen Mohammed tun 1975 lokacin da ya ja jama'ar mahaifinsa, wato ƙungiyar Nation of Islam, zuwa tafarkin Sunna, kuma za su gaya maka Musulunci bai zo Amurka da bizarka ba: Omar ibn Said, bawa daga Futa Toro, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci tun 1831. Ko ka je shagon askinsu. Ya fi na ɗan ƙasarmu tsada, amma ka lissafa bambancin a kuɗin makaranta.

Daga nan sai ka waiwayi gida, domin laifi tudu ne. Mu da ake kira takari a Makka, mu da ake jefa wa "abid", wato bayi, a wasu ƙasashen Larabawa, mu ne kuma idan maganar aure ta taso ake aika tsohuwa ta binciko ko akwai bauta a dangin yaro. Sai a 1936 aka kammala soke bauta a dokar Arewacin Najeriya. Nijar sai a 2003 ta mayar da ita laifi, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin ƙasar da gazawa wajen kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12. Ƙungiyar Timidria ta Nijar tana yaƙi da bauta har yau. Duk wanda ke cewa "baƙa ce amma kyakkyawa", ko yake sayo wa matarsa man bilicin, yana da gyara a cikin ɗakinsa kafin ya ɗaga kwali a titi. Mai karanta wannan daga Katsina ko Maraɗi, nasa aikin a nan yake, ba sai ya aika naira Amurka ba.

Sauran na aljihu ne da ƙafa. Idan za ka ba da kuɗi, ka ba da kaɗan kowane wata ga masu aikin lauya da suka daɗe a fage, kamar ƙungiyar Stevenson ko Legal Defense Fund da Thurgood Marshall ya kafa a 1940, ko asusun biyan beli na garinku bayan ka duba rahoton kuɗinsu. In kana tantamar amfanin beli, nemi labarin Kalief Browder, ɗan Bronx mai shekara 16 da ya yi shekara uku a kurkukun Rikers kan zargin satar jaka, ba a taɓa yanke masa hukunci ba, belin dala 3,000 ne ya gagari iyalinsa. Idan ka zama ɗan ƙasa, kada ka jira zaɓen shugaban ƙasa kawai. Babban mai gabatar da ƙara na gunduma zaɓensa ake yi, kuma shi ke yanke wa za a gurfanar. Takardar kiran zaman masu taya alƙali hukunci in ta zo, ka je, ko da za ka rasa kuɗin tuƙin kwana biyu. Idan kuwa katin zama kawai gare ka, kada ka kuskura ka yi rajistar zaɓe ko wa ya miƙo maka fom, laifi ne da kan kai ga kora. Zanga-zanga ma ka yi lissafi, kamu ɗaya na iya dagula takardunka. Abin da kowa zai iya shi ne ɗaukar bidiyo daga nesa, ba tare da ka shiga tsakani ba. Yarinya 'yar shekara 17 ce ta riƙe waya a Minneapolis ranar 25 ga Mayu 2020, kuma hotonta na cikin abin da ya sa aka ɗaure ɗan sandan da ya danne wuyan George Floyd shekara 22 da rabi. Ka saita wayarka ta riƙa tura bidiyo ma'ajiyar intanet da kanta, saboda ko an ƙwace ta.