Yadda Ake Tsara Gidan Ƙasa, Daga Zaure Zuwa Tulluwa

Kafin a haƙa harsashi, a zauna da magini a kira kowane sashe na gidan da sunansa. A ginin Hausa suna ne ke yanke wa ɗaki wurinsa da girmansa da inda ƙofarsa za ta kalla. Zaure shi ne iyakar baƙo namiji, don haka yana bakin titi. Bayansa ƙofar gida, filin da ake yi wa samari ko baƙi ɗaki. Sai shigifa, wadda ba ya wuce ta sai muharrami ko yaro, sannan tsakar gida da ɗakunan mata da turakar maigida. A shata waɗannan a ƙasa da toka, bi da bi.

Kuskuren da ya fi yawa a nan yake: a jera ƙofar zaure da ta shigifa a saiti ɗaya. Wanda ke tsaye a titi sai ya hango matan gida suna daka, shigifar ta tashi daga aikinta. A karkatar da ƙofofin, mai shiga ya riƙa juyawa. Masai kuwa a nisanta shi da rijiya, kuma kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya.

Faɗin ɗaki azara ce ke faɗarsa, ba son ran mai gida ba. Azarar giginya tana da ƙarfi, gara ba ta cika cin ta ba, amma idan tazarar da za ta tsallake ta wuce kamar ƙafa 6, nauyin ƙasar rufi zai lanƙwasa ta, ruwa ya kwanta a tsakiya, rufin ya fara yoyo. Mai son ɗaki mai faɗi sai ya fito da azara daga saman bango hawa-hawa don rage tazarar, ko ya kafa ginshiƙi, ko ya nemi gwanin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin azara da ƙasa mai ɗauke rufi. Ana tayar da bakan ne daga bango biyu masu fuskantar juna, ana ɗaure azara kan azara da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bar kowane hawa ya bushe kafin a ɗora na gaba, har su haɗu a sama. Gaggawa a nan ita ke kawo rushewa. In bakuna suka gitta juna a tsakiya, shi ne ɗaurin guga, a kansa tulluwa, wato ƙubbar rufi, ke zama. Wanda ke son ganin iyakar wannan fasaha ya duba Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, ko na Yaama a Nijar, aikin Falke Barmou, wanda ya sami kyautar Aga Khan a 1986.

Tubali a buga shi da rani, da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa aka tattake sosai, a shanya shi kamar mako 2. A jera shi tsininsa na kallon sama, bango ya yi kauri a gindi yana sirancewa yayin da yake hawa.

Sauran aikin duk faɗa da ruwa ne. A kan azara a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa da ɗan gangare zuwa wajen indararo, a shafe da laso, wato katsin marina da gashin jima da ruwan dafara. Indararo ya fito sosai. Gajere yana zubar da ruwa a gindin bango ya cinye shi. Bangon gabas ya fi shan dukan hadari, shi za a fi ba makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Kada a yaɓe bangon ƙasa da siminti: danshi yana maƙalewa a bayansa, ya ɓamɓare da ƙasar gaba ɗaya. Zanen dagi a fuskar zaure a yi shi tun yaɓen yana ɗanye, a bi zankwaye, wato tsinayen da ke kusurwoyin saman gini, da bakin rufi da gyara kowace shekara kafin damina ta faɗi.