Darasi na Tara: Adashin Tattaki na Shekara Guda

Duk wanda ya taɓa shiga adashi ya san cewa zubin farko ba ya ba kowa wahala, na wata na huɗu da na biyar ne yake nuna mai cika alkawari. Haka abin yake idan mutanen unguwa suka ƙudurta yin tattakin motsa jiki tare har tsawon shekara. A makon farko ƙofar masallaci takan cika bayan sallar asuba, amma da zarar zafin bazara ya kankama sai a ga ana zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Idan aka raba wannan a kwana biyar, minti 30 ke nan a rana, kuma tun da shekara mako 52 ce, jimillar za ta kama minti 7,800, wato awa 130. Ba tafiyar rangwaɗa ake nufi ba. Ana so a ɗaga ƙafa har jiki ya ɗauki ɗumi, numfashi ya ƙaru, amma mutum yana iya magana da na kusa da shi. Irin wannan tafiya tana taimakawa wajen sauke hawan jini da daidaita sukari, tana kuma sa barci mai daɗi. Taku 10,000 a rana da ake cewa a cika, waɗanda wayoyin hannu suke ƙirgawa, ba sharaɗi ba ne, domin asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a 1965, saboda haka wanda ba shi da babbar waya agogo ya ishe shi.

Kamar yadda uwar adashi take riƙe lissafi, a zaɓi mutum ɗaya ya riƙe littafi, amma kowa ya rubuta sunansa da mintocinsa da hannunsa, don ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ga motsa jiki ga koyon rubutu. A ganina, abin da ya fi kashe irin wannan tafiya shi ne kunya. Mutum zai yi fashin kwana uku saboda zazzaɓi ko hidimar biki, sai ya ji nauyin dawowa, daga nan kwana uku su zama wata uku. Don haka kada a sa tara, kada a yi gori. Maƙwabcinsa ya biya masa da safe ya ce, "Baba, kwana biyu ba mu gan ka ba, lafiya dai ko?" Sau da yawa wannan sallamar kaɗai takan fito da dattijo da takalminsa a hannu. Mata su haɗa tasu tawagar bayan yara sun tafi makaranta, wadda kuma fita ba ta yi mata sauƙi ba ta zagaya tsakar gida, a rubuta mata mintocinta daidai da na kowa.

Shekarar Kano ba fuska ɗaya gare ta ba. A hunturu a jira hantsi, a rufe hanci da takunkumi, musamman masu asma. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, a gama tafiya kafin rana ta ɗaga, a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Da damina a kauce wa bakin kwata da lungunan da ruwa ke kwanciya. Da azumi kuwa a mayar da tattakin bayan sallar asham.

Hanya ɗaya kullum tana gundurar mutum. Sau ɗaya a wata a sauya wuri, a taka daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Nasarawa, ko a hau Dala a hango birni, masu ciwon gwiwa su zagaya gindin dutsen su jira sauran. A kan titi a bi hannun hagu ana fuskantar abin hawa, domin mai adaidaita sahu idan ya hango fasinja ba ya shawara da kowa.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara, ya soma da minti 10 yana ƙarawa a hankali. Mai ciwon sukari ya sa takalmi rufaffe, ya riƙe dabino a aljihu ko da sukarinsa zai faɗi, ya kuma duba tafin ƙafarsa kullum, saboda ƙaramin rauni yakan zame masa babban gyambo. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya nan take, a kai shi asibiti.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya ja layi bakwai a littafinsa, ya rubuta sunayen ranaku daga Asabar zuwa Juma'a, ya sa mintocin da ya taka a gaban kowace rana, sannan ya haɗa jimilla ya kawo wa malami a zama na gaba.